Sunan Kakan Hamma

Idan ka taɓa shiga keke daga Wunti zuwa Gwallaga a 'yan shekarun nan, to ka san muryar Hamma Ladan ko da ba ka san fuskarsa ba. Shi ne mai waƙar nan ta "Hajiya Matsa Ciki", wadda masu keke suke ƙure wa sauti daidai lokacin da suke ƙoƙarin cusa fasinja na huɗu a baya. Katangarmu ɗaya da gidansu, a gabana aka raɗa masa suna, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba.

Tun yana ƙarami Hamma ba ya ganin abu mai rami ya ƙyale shi. Jarka, bokiti, murfin tukunya, kan ƙanensa, duk ganga ne. A sakandare aka fara jin yana jero magana da sauri a kan kiɗa, irin gambarar zamanin nan da yara ke kira hip-hop. Da ya gama sai ya kama gyaran waya a kasuwar Wunti, da rana yana kwance wayoyin mutane, da yamma ya hau acaɓa zuwa Yalwa wurin abokinsa Jesse mai haɗa kiɗa. Situdiyon Jesse ɗaki ɗaya ne, an manne bangon da kwalin ƙwai, kuma dole a kashe fanka in za a ɗauki murya. Duk waƙar Hamma da kuka ji, cikin gumi aka yi ta, shi ya sa ma yake saurin nan, so yake ya gama ya fita ya sha iska.

Mahaifinsa, Malam Ja'afaru Ladan, ma'aikaci ne a sakatariya. Da farko ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya yi gaba ta mako biyu. Ranar da ya ji mai gidansa a ofis yana rera "Hajiya Matsa Ciki" a hankali yana sa hannu a takarda, ya dawo gida ya ce, "To, aƙalla dai ka riƙa sa wando ya kai ƙugu."

Yanzu bari in koma baya, don ba za ka gane abin da ya sami Hamma ba sai ka san yadda gidansu ya sami sunansa. Ko kuma in ce sunayensa.

Kakansa Bafulatani ne, makiyayi kuma mai ilimi. Ciwo ya cinye masa shanu, ya shigo Bauchi da matarsa Habibatu, suka zauna a Gwallaga, yana koyar da karatu, yana kiran salla a ƙaramin masallacin layinmu. Wasu su ce masa Modibbo, wasu su ce Ladan, 'ya'yansa su ce Baffa. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, ya bar Habibatu da 'ya'ya maza uku, babban bai wuce shekara bakwai ba. Ita ce yanzu duk unguwa ke kira Dada.

To, ka san matan Fulani na da. Mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na ɗanta na fari, ba ta kama na surukanta. Dada kuwa ko a cikin masu kunya ita ce limamiya. Shekarar da Bauchi ta zama babban birnin jiha aka matsa wa kowa ya kai yaro makarantar boko. Ta kama hannun babban, Buba, ta kai shi. Malami ya buɗe rajista ya ce, "Sunan uba?" Dada ta kalli ƙasa ta ce, "Modibbo." Aka rubuta Buba Modibbo.

Bayan shekara biyu ta kai Ja'afaru. An canja malami. Ya ce, "Sunan uba?" Ta ce, "Shi ne dai mai kiran salla a masallacinmu, Allah ya jiƙansa." Malami ya rubuta Ja'afaru Ladan. Ya ƙara da cewa, "Yana da wa a makarantar nan?" Ta ce yana da shi. "Wa ye sunansa?" Nan ma ɗan fari ne, ba a faɗa. Malami ya gaji ya ce na gaba ya matso.

Na ukun, Tukur, a hannun hedimasta ya faɗa, wani mutum mai ganin kansa da dabara. Ya ce, "Baiwar Allah, na san al'adarku, ba sai kin faɗa ba. Zan riƙa kiran sunaye, in na zo kan na mai gidan sai ki rufe fuska." Ya fara: Umaru, Aliyu, Bello, Sambo. Dada ta ja mayafi ta rufe fuska ruf. Hedimasta ya yi murmushin nasara ya rubuta Tukur Sambo. Abin da bai sani ba, Sambo sunan yayan uwar mijinta ne, shi ma ba ta iya jin an ambace shi a gabanta ta zauna da fuska a buɗe. Da ya ci gaba da kira, da sai ta rufe fuska sau goma kafin azahar.

Haka aka wayi gari uwa ɗaya, uba ɗaya, tukunya ɗaya, amma takardu uku da suna uku. 'Ya'yan suka girma, kowa ya raba wa nasa 'ya'yan sunan da ya samu. Kuma babu wanda ya taɓa tambayarta na gaskiyar, don ɗa ba ya zama gaban uwa ya ce mata faɗa mini sunan mijinki. Dattawan da suka ɗaura auren can daji sun riga mu gidan gaskiya. Jikoki maza goma sha ɗaya aka haifa a gidan, ba a yi wa marigayi takwara ko ɗaya ba, saboda ba a san me za a raɗa ba.

Ba wanda abin ya dama sai da Ɗanlarai ya buɗe baki. Ɗanlarai shi ma mawaƙi ne, ɗan unguwar Ɗan Iya, daga gidan da suke ajiye sunayen kakanni a rubuce cikin firam a zaure. Ya ga masu keke sun koma wajen Hamma, sai ya saki waƙa ana saura mako uku Babbar Salla:

"Ni in na ƙirga kakanni sai yatsu su ƙare,
Kai gida ɗaya, uwa ɗaya, suna uku a jere,
Modibbo ne, Ladan ne, ko Sambo za mu kira?
Je ka tambayo tsohuwa, mu muna nan muna jira."

Kafin kwana biyu masu tura waƙa a waya sun raba ta gari. Mutum zai kawo gyaran waya, ya jingina da kantar shagon Hamma ya ce, "Sannu Malam Sambo, au, Ladan, au, yau wanne ne a kan aiki?" Kuma washegarin Salla akwai gasar mawaƙa a filin wata makaranta bayan la'asar, su biyun za su hau dandamali ɗaya. Hamma ya rantse a gaban Jesse cewa ranar zai faɗi sunan kakansa na gaskiya a makirfo, kowa ya ji, Ɗanlarai ya haɗiye waƙarsa.

Ya fara da iyayensa maza. Ya same su a zaure ranar Juma'a suna shan fura. Baffa Buba ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Modibbo mana. Ni ne babba, ni na fi saninsa."

Malam Ja'afaru ya ce, "Yaya, Modibbo ai ba suna ba ne, malami ke nan da Fillanci."

"To Ladan ɗin suna ne? Aiki ne fa."

Baffa Tukur ya ajiye ludayi ya ce, "Ku dai ku yi haƙuri, ni kaɗai ne nawa ya yi kama da sunan mutum."

Hamma ya bar su suna yi, ya hau mota zuwa Zungur wurin Hamsatu, ƙanwar Dada. Ya yi lissafi mai kyau: ƙanwar mata abokiyar wasan miji ce, ba ta jin kunyarsa, za ta iya faɗa. Ya kai mata goro da sabulu. Tsohuwa ta yi dariya har da tari, ta ce, "Wai mijin Adda? Dogon Wuya! Ai ni tun ranar da aka kawo shi rugarmu na ga wuyan nan, ban ƙara kiransa da wani abu ba."

"Kaka, na gaskiyar nake so."

Ta kalli sama, ta tauna goro. "Ka san kuwa ya ɓace mini? Amma wuyan, wallahi kamar yanzu nake ganinsa."

Jesse da ya ji labari ya ce, "Mutumina, kar ka kuskura Ɗanlarai ya ji wannan. Suna na huɗu ke nan, kuma ya fi sauran daɗin waƙa."

Saura Dada. Abin da ɗa ba zai iya ba jika yana iyawa, don jika da kaka wasa ne tsakaninsu. Ya same ta da hantsi a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa, ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Amaryata, yau da magana na zo."

"Wa ce amaryarka? Mijin da ko cefane bai iya ba, sai ihu a cikin rediyo. Cire hular nan da ka juya baya, kamar wanda aka ƙera kansa a karkace."

"Dada, zagina ake yi a gari. An ce ba mu da asali."

"Wa ya ce?"

"Wani ɗan Ɗan Iya."

"Uwarsa tana kama sunan ubansa?"

"Har a waya take kiransa da shi."

"To ka gani."

Ya yi roƙo, ya yi zolaya, ya ce zai sake ta ya auri Hamsatu. Ta ce Allah ya ba da zaman lafiya, dama ta gaji da shi. Sai da ta ga idonsa ya kawo ruwa da gaske, sannan ta ture farantin shinkafa ta ce, "Ba ni wayar nan." Ta karɓa ta zauna a kanta, don kar ya ɗauki hoto. Ta shiga ɗaki da wayar a hannu, ta fito da wani tsohon allo da tawada da alƙalamin kara, ta sake zama a kan wayar.

"Shekara hamsin bai fita a bakina ba, ba kuma zai fita don ɗan Ɗan Iya ba. Amma ban taɓa jin an yi maganar hannu ba."

Hamma ya ce, "Dada, kin iya rubutu?"

"Wa ya taɓa tambayata?"

Ta rubuta kalma ɗaya da ajami, irin rubutun malaman da, ta juyo masa allon, ta kawar da kai gefe. Hamma ya ƙura ido. Ya matso. Ya ja baya. Nan fa asiri ya tonu: shekarun da ake tura shi Islamiyya, bayan kantin mai faci yake tsayawa yana kiɗa da tayoyi. Surorin salla yana da su a ka, amma baƙi ko ɗaya ba ya ganewa. Dada ta ƙirga goma a ranta, ta tsoma tsumma a ruwa ta shafe.

"Ka gani?"

"Na gani, Dada."

"To mene ne?"

Ya sosa ƙeya.

"La'ilaha illallahu! Jikan Modibbo! Ashe duk surutun nan kai ɗin fanko ne."

Bai karaya nan take ba. Ya ruga shago ya zana abin da ya tuna a bayan kwalin batir, ya kai wa malamai uku. Na farko ya ce Haruna ne. Na biyu ya juya kwalin ya ce in dai ta nan ne, Yunusa. Na ukun ya daɗe yana kallo ya ce, "Samari, wannan ba kaza ce ta taka tawada ba?"

Washegari da sassafe sai ga Hamma a ƙofar Dada, hula a daidai, ya durƙusa. Ta ce za ta sake rubutawa ranar da ya iya karantawa da kansa, in ya karanta kuma nasa ne, ya yi abin da ya ga dama da shi, ya kai rediyo ko kasuwa. Saura kwana goma sha shida.

Ta katanga nake jiyo su kullum kafin ya tafi kasuwa. Mutumin da yake jero kalma ɗari a numfashi ɗaya, ga shi yana "alif, ba, ta" kamar mai ciwon haƙori, tsohuwa tana ƙwanƙwasa masa alƙalami a ka. Da ya so ya sa wa baƙaƙen kiɗa don su zauna, ta ce in ya ƙara kaɗa mata kafaɗa a kan allo za ta fasa. Amma ita ma bakinta ya buɗe ba ta sani ba. In suka zo kan wani harafi sai ta ce, "Wannan a bakin rafi mai wannan allo ya koya mini shi, a kan yashi, da sandar kiwo. Saniya ta zo ta taka, ya ce to ita ma ta yi nata." Wata rana ta ce ba ya cin tuwo sai ya ga ta fara ci, kuma ita ba ta iya ci a gabansa, haka za su zauna tuwo ya huce. Wata rana ta ce ranar da saniyarsa ta ƙarshe ta faɗi, sai kawai ya wanke hannu ya ce ta ɗaure kaya, gari za su. Hamma ya zo neman kalma ɗaya, sai ga shi kullum yana tafiya kasuwa da mutum guda a ransa.

Ana jibi Salla ta sake zama a kan wayarsa, ta rubuta, ta kawar da kai. Wannan karon ya bi baƙaƙen da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi. Ya ɗago ya ce, "Dada, ashe..."

"Kul! Ba a gabana ba."

Ya tashi da gudu sai Yalwa. Jesse ya kashe fanka, ya saki kiɗa, Hamma ya shiga:

"Da sanda ya shigo Bauchi, da buta, da allo,
Ya kira asuba a Gwallaga, zakara yana kallo,
Ya koya wa matarsa baƙi a kan yashin rafi,
Kana son sunansa? Matso kusa, buɗe kunne ka ji..."

Nan ya tsaya. Kiɗa yana tafiya, baki a buɗe, ba abin da ya fito.

Jesse ya ce, "Ka manta ne?"

"Ban manta ba. Sake."

Sau bakwai suna sakewa. Duk ya zo wurin sai ya ga kamar dattijon yana tsaye a bakin ƙofa, shi kuma zai ɗaga murya ya kira shi gatsau kamar sa'ansa. Jesse, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce, "Hamma, mako uku kana hana ni barci a kan sunan nan. Ko ni ka faɗa mini in faɗa a madadinka."

"Ba zai yiwu ba."

"To na bar maka gurbi, bugu huɗu. Ranar gasa in ka ga fuskar Ɗanlarai zai fito da kansa."

Ranar gasa fili ya cika, har kan katanga. Ɗanlarai ya fara hawa, ya jero kakanninsa tara, ya maimaita waƙar suna uku, jama'a suna amsawa. Hamma ya karɓi makirfo. Baitocin sanda da buta suka sa wurin ya lafa, don ba a saba jin irin wannan daga bakinsa ba. Ya zo kan "buɗe kunne ka ji", Jesse ya sauke kiɗa, mutane suka miƙa wuya, Ɗanlarai ma ya matso. Bugu ɗaya, biyu, uku, huɗu. Hamma ya kalle shi ya ce, ba da waƙa ba, da muryarsa ta gyaran waya:

"Na san shi, Ɗanlarai. Na karanta shi da idona. Ba na filin makaranta ba ne."

Rabin fili ya ɗauki ihu, rabi ya ce a faɗa mana. Alƙalan gasa suka haɗa kai, suka yanke cewa Hamma ya manta baitinsa, suka ba Ɗanlarai kofi. Jesse ya bi su har mota yana rantsuwa da Hausa da Turanci.

Sai dai daga ranar zolayar ta mutu. Wanda ya zo shago ya ce "Sambo ko Ladan?" sai Hamma ya yi murmushi ya ce, "Cajin wayarka ne ya lalace," ya ci gaba da aikinsa. Ba daɗi a tsokani mutumin da ya san abin da kai ba ka sani ba. Waƙar kuma haka aka sake ta da gurbinta, masu keke suka sa mata suna "Bugu Huɗu". Baffa Buba ya kira shi gefe ya ce a matsayinsa na babba ya kamata a sanar da shi. Hamma ya ce akwai sauran wuri a tabarmar Dada da safe. Baffa Buba ya ce zai duba lokacinsa.

Da ya dawo daga filin a ranar, kafin magariba, Dada tana zaune tana yanka naman Salla. Ba ta ɗago ba ta ce, "Mijin banza, an ci?"

"An ba wancan."

"Ka faɗa?"

"Ban faɗa ba."

Wuƙar ta tsaya kaɗan. Ta zaɓi tsoka mafi girma a cikin soyayyen, ta miƙa masa ba tare da ta kalle shi ba.

"Duk cika bakin nan, ashe matsoraci ne. Gobe ka zo da wuri. Harafin jimin da kake rubutawa har yanzu kamar ƙugiyar mahauta yake."